Kawu Mai Zanen Hula da Wata Ukun Inna

A shekarar da aka cire Gombe daga jihar Bauchi, bayan an kai gero gida ana jiran dawa ta nuna, Allah ya karɓi ran kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda duk Azare ta sani da Mai Zane. Na Allah muke, kuma wurinsa muka nufa. Ya rasu ranar Laraba da hantsi, bayan zazzaɓin kwana huɗu, a ɗakinsa, a kan tabarmarsa. Da gangan na ambaci ɗaki da tabarma, domin an yi shekarun da babu wanda ya zaci a ɗaki zai cika.

Tabarmi uku muka shimfiɗa a ƙofar gida, muna tsammanin dangi da maƙwabta. Kafin azahar sai da muka aro na masallaci. Masu wankin hula sun rufe rumfunansu sun zo gaba ɗaya. Direbobi da 'yan kamasho sun zo daga tasha da baƙin mai a hannuwansu. Fataken huluna sun iso daga Jama'are da Dambam. A cikin gida kuwa mata masu ɗinkin hula ne suka cika tsakar gida, har da waɗanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Matata ta gaya mini wata daga cikinsu ta ce wa Inna, mahaifiyata, "Ni ban san shi ba, hannunsa na sani. Da zanensa na aurar da 'ya'yana biyu."

Rana ta uku wani tsohon maƙwabcinmu ya iso daga garinsu can kudancin Bauchi. Kirista ne, ya yi aikin jinya a asibitin nan har ya yi ritaya, mu kuma Likita muke ce masa ko da yake kullum yana cewa shi ba likita ba ne. Ya cire takalmi ya zauna a bakin tabarma. Da aka shafa addu'a sai ya miƙo mini wani tsohon ambulan ya ce, "Malam, wannan a wurinku ya kamata ya zauna."

A nan ne na ji wani saurayi yana tambayar na kusa da shi, "Wai da gaske ne ya taɓa kwana a tasha?" Wani dattijo ya harare shi ya ce a rufa wa mamaci asiri. Na gane nufin dattijon, Allah ya ba shi lada. Amma Kawu bai taɓa ɓoye wannan labari ba. Shi da kansa yake ba da shi ga duk wanda ya ga zai amfana. Saboda haka na ɗauki alƙalami, ni da na saba rubuta wa mutane wasiƙa da ajami a bakin kasuwa, na ce bari in rubuta tawa.

Ga wanda bai san sana'ar ba, hula hannu uku take bi. Mai zane ya zana fasali da biro a kan farin ƙyalle mai tsawo wanda zai zagaye kai. Mace ta bi zanen da allura da zare, gida bayan gida, wato yankin zanen da ke maimaituwa, wata biyu ko uku. Sannan tela ya haɗa bakin ƙyallen biyu ya ɗora kan hula. Duk kyan zane, in gidan ƙarshe bai tarar da na farko daidai ba, aiki ya ɓaci. Shi ya sa kowace mai ɗinki, kafin ta sa allura, takan ninka ƙyallen ta haɗa bakin biyu ta duba. Inna ta fi shekara talatin tana wannan ɗinki, kuma ita ta goyi Kawu bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tana ce masa Auta, yana ce mata Adda.

A Maiduguri Kawu ya koyi zane, can ya yi aure. Amai da gudawa suka ɗauke masa mata da 'yarsa a mako guda. Ya dawo Azare da jaka ɗaya. Inna ta share masa ɗaki, ya leƙa ya fito ya ce, "Adda, in na shiga ɗaki numfashi ba ya isata." Ya tafi tashar mota ya sami gefen wata rumfa, ya yi shekara shida a nan. Yana ɗaukar kaya, yana share wa masu abinci wuri. In rana ta yi sanyi sai ya daidaita yashi da tafin hannu ya ɗauki tsinke yana zane. Fasinjoji su taka su wuce, shi kuma ya sake sharewa ya soma wani. Wasu na cewa taɓin hankali ne, wasu na cewa iska.

Ni nake kai masa tuwo idan na tashi daga kasuwa. Wata rana na tsaya na dubi abin da ke ƙasan da kyau, na koma na gaya wa Inna. Washegari ta ɗora farin ƙyalle da biro a kan kwanon tuwo ta ce, "Ka ce masa ya bar yi wa takalman mutane ado. Ya yi mini a nan."

Da na kai masa, ya juya ƙyallen ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗora shi a kan wani ɓallin katako bisa gwiwarsa, ya soma daga dama kamar yadda muke rubutu. Babu ma'auni, babu ƙirga. Tsakanin la'asar da faɗuwar rana ya gama. Da na kai wa Inna ta ninka ta haɗa baki da baki. Layi ya shiga layi kamar daga jiki ɗaya suka tsiro. Ta ajiye a cinya ta ce, "Auta yana nan. Duk wanda ya ce ya haukace bai san ɗinki ba."

Ta ɗinka ta da niyyar shi zai sa ya je Juma'a cikin mutane. Amma ranar da aka wanke ta aka shanya a rumfar masu wanki, wani Alhaji mai fataucin huluna ya gan ta ya tsaya. Ya bi sawu har tasha. Kawu ya ce masa, "Kan da ke kwana a tasha me zai yi da wannan? Ɗauka." Inna ta ji zafin abin.

Shekarar zaɓe ce, zaɓen nan da sojoji suka biyo bayansa. Alhajin ya kai hular wa wani ɗan takara, shi kuma ya ɗauki hoto da ita. Cikin makonni kaɗan hular Kawu ta hau kowane bango da kowace bishiya daga nan har Misau. Mutanen da ba za su zaɓi mutumin ba ma suna neman irin hularsa. Aka sa wa zanen suna Ɗan Tasha. Fatake daga Kano da Potiskum suka riƙa sauka a mota suna tambayar ina mai zanen yake, 'yan kamasho su nuna musu mutumin da jiya ya ɗaukar musu buhu. Alhaji ya kama masa shago a bakin titi, ya saya masa babur da manyan riguna. Ma'aikatan rediyo suka zo daga Bauchi suka ɗauki muryarsa.

Ranar da aka sa hirar, a tsakar gida muka saurara. Mai tambaya ya ce, "Da me kake awo?"

Kawu ya ce, "Da ido."

"In idon ya yi kuskure fa?"

"Bai taɓa yi ba."

Kowa ya yi dariya ban da Inna. Ta ce, "Ya manta bai gode wa wanda ya ba shi idon ba."

A wannan lokaci ne matan Azare suka daina ninka ƙyallen Kawu. Abin ya zama kamar raini a ce an duba aikin Mai Zane. In amarya sabuwar koyo ta ninka, sai manya su yi mata dariya.

Ƙyallaye suka taru a shagon har rufi. Mutum ɗaya ne, hannu ɗaya, kowa kuma nasa yake so gobe. Wani direban babbar mota ya ba shi wasu ƙananan ƙwayoyi ya ce da su suke kai Legas ba gyangyaɗi. Kawu ya gaya mini daga baya cewa ranar farko ya ji kamar an wanke masa ido da ruwan sanyi, ya yi aikin kwana uku a wuni guda. Daga ɗaya ya koma biyu. Da barci ya ƙi zuwa aka kawo masa wata ta sa barci. Muka fara ganin yana magana da sauri, muƙamuƙinsa na motsi ba abinci a baki. Ya soma haɗa azahar da la'asar, daga baya ya bar su duka. Na yi masa magana sau ɗaya, ya ce, "Ɗan Adda, kai da kake rubuta wasiƙa biyar a wuni, me ka sani game da gajiya?" Na yi fushi na yi shiru, shirun da har yau nake neman gafarar Allah a kansa.

Mahaifina malami ne mai karantar da manya a zaure, mutum mai raha. Yakan shafa tsohuwar jar dararsa ya ce, "Ku dube ni, mijin mai ɗinkin hula. Kowa a garin nan ta rufa masa kai sai ni." Da gaske ne kuwa. Duk abin da Inna ta ɗinka na sayarwa ne, da shi ake cefane. A shekara ta biyu da ɗaukakar Kawu, jikin Baba ya fara rauni. Inna ta sayi zare mai tsada, ta auna kansa da igiya yana barci, ta ba ni ƙyalle ranar ɗaya ga Rajab ta ce a kai wa Auta, na Malam ne, na sallah.

A gabana ya zana shi. Yana zane yana ciniki da mutum uku, biro na gudu kamar ana korarsa. Zanen ya yi kyau, ban taɓa ganin irinsa ba. Na kawo wa Inna. Ba ta ninka ba.

Rajab, Sha'aban, Ramalana. Azumin ya faɗo cikin zafi. Takan zauna a bakin ƙofar ɗaki inda haske ya fi, leɓe a bushe, tana bin layi. Saura kwana biyu sallah ta cire allura ta ba ni na kai wa tela. Tela ya ja bakin biyu ya haɗa, ya sake, ya kuma haɗawa. Gidajen sun riƙa faɗaɗa kaɗan-kaɗan daga dama zuwa hagu, har na ƙarshe ya tsaya rabi. Ya ce, "Malam, ko in haɗa ta a karkace kowa ya gani, ko in yanke rabin gidan nan. In na yanke kuma ba za ta shiga kan babba ba."

Baba ya yi dariya da ya ji. Ya ce, "Darata ta yi addu'a kada a yi mata ritaya." Ya je Idi da ita. Kafin babbar sallah muka binne shi.

Kawu bai zo jana'iza ba. Ranar bakwai ya shigo da jajayen idanu da babbar riga mai datti a wuya. Inna tana cikin takaba. Ta ɗauko ƙyallen ta shimfiɗa a gabansa ta ce, "Ninka."

Ya ninka. Hannunsa na rawa har ƙyallen na kaɗawa.

"Zan sake miki wani, Adda. Yanzun nan."

"Wa zai sa?"

Ya ajiye ƙyallen a gabanta.

Ta ce, "Mutuwar Malam ba kai ba ne, kwanansa ne ya ƙare. Abin da ke tsakaninka da Allah kuma ban shiga ba. Amma ka ci mini wata uku na ido, Auta, kuma suna wurinka. Na rantse da Allah allurata ba za ta ƙara shiga zanenka ba."

Ba ta Inna kaɗai ba ce. Huluna suka fara dawowa daga gidaje, kowace da rabin gida a baya. Mata suka koma ninkawa, suna mayar da tara cikin goma. Alhaji ya sa yaransa suna kwaikwayon tsofaffin zanen da ma'auni, ya karɓi mabuɗin shago. Babur ya tafi, riguna suka bi shi. Kawu ya koma tasha, amma ba rumfar da ya sani ba, bayan tasha inda ake zubar da tsofaffin tayoyi. Wannan karon ko yashi ba ya sharewa. Mutanen da ke sanye da Ɗan Tasha a kansu suna wuce shi ba su san shi ba ne. Ni na san shi ne, kuma akwai ranar da ya ɗaga mini hannu na juya kai kamar ina duba wata mota. Inna ba ta fasa aika tuwo ba ko sau ɗaya. Ni ne na riƙa ba wa wani ya miƙa.

Likita ne ya tsince shi. Ya je sa wa matarsa kaya a mota da rana tsaka, ya ga taro a bayan tasha, ya tarar da Kawu a kwance ƙudaje na bin bakinsa. Ya sa aka ɗauko shi a baro har asibiti, sannan ya zo teburina ya ce, "Malam, tashi. Kawunka ne, ba nawa ba." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Bayan kwana goma Likita ya ce mana magani ya yi nasa, saura namu. Ya ce a raba Kawu da tasha, a kai shi inda zai gaji da aiki ya yi barci don kansa, wurin mutanen da ba za su gaji da shi ba. Muka kai shi gonar baffana a Bulkachuwa farkon damina. Mako uku ya yi ya gudo da ƙafa. Na same shi a bayan tasha na zazzage masa duk abin da ke cikina. Ya saurara har na gama ya ce, "Ka gama? To ni ma na tsani mutumin nan da kake zagi. Ka fi ni sanin inda zan kai shi?" Bayan wata guda, da sassafe, na buɗe zaure na gan shi tsugune. Ya ce, "Ɗan Adda, mayar da ni. Wannan karon ni na ce."

Baffa ya ba ni labarin makonnin farko. Gumi, amai, kuka, zagin duk wanda ya kusato. Baffa mutum ne marar yawan magana. Yakan miƙa masa fartanya kawai ya ce, "Kunya biyu, sannan ka ci gaba da zagin." Da alwala ta gagare shi saboda rawar hannu, Baffa ne ke riƙe masa buta. Likita kuwa kowace Lahadi, in ya fito daga coci, sai ya hau babur ɗinsa ya tafi Bulkachuwa da 'yar takarda da biro. Ba ya yi masa wa'azi. Sai dai ya ce, "Mai Zane, ja mini layi." Ya karɓa ya sa a aljihu.

Takardun nan ne ke cikin ambulan ɗin da ya ba ni ranar ta'aziyya. Na jera su a kan buzuna. Na farko kamar sawun tana a laka. Na tsakiya suna tafiya su yi tuntuɓe su tashi. Na ƙarshe layi ne miƙaƙƙe daga baki zuwa baki, a ƙarƙashinsa kuma Kawu ya rubuta alhamdu lillahi da ajaminsa na ɗan koyo.

Damina biyu ya yi a can. Da ya dawo ya kama ɗan ɗaki kusa da mu, ya iya kwana a ciki muddin ƙofa na buɗe. Ya kafa tebur a gefen masu wankin hula. Da fari babu mai kawo masa ƙyalle. Sai wata bazawara da ba ta da abin biyan masu ma'auni ta aiko. Ya zana, ya ninka da kansa a gaban kowa, ya ce a gaya mata ita ma ta ninka ta gani. Wannan ya zama ƙa'idarsa har ya mutu. Ko wa ya zo karɓa, sai ya ce, "Ninka a gabana." In an ce, "Haba Mai Zane, ai mun yarda da kai," sai ya ce, "Yardar nan ce ta kusa kashe ni. Ninka."

Cikin shekara guda layi ya dawo ƙofarsa. Alhaji ma ya dawo da maganar shago da sabon babur. Kawu ya ba shi kujera ya sa aka kawo masa ruwa, ya ce, "Alhaji, biyar nake yi a wuni, in an kira la'asar na rufe biro. In kana so ka bi layi, bayan matar nan ta Dambam kake." Alhaji ya tashi a fusace. Bayan mako guda ya aiko da ƙyalle biyu ya bi layi.

Kowace Juma'a bayan an sauko, Kawu yakan tafi bayan tasha ya zauna a kan taya. Daga motsin muƙamuƙi yake gane su. Ba ya cewa haramun ne, sun sani. Sai ya ce, "Miƙo hannunka mu gani." In hannun na rawa, ya miƙa nasa kusa da shi ya ce, "Nawa ya fi naka rawa. Tambayi kowa a nan." Waɗanda suka yarda ya kai su gonar Baffa da kansa. Ba duka suka tsaya ba. Cikin waɗanda suka tsaya, biyu yanzu su ne manyan masu zane a kasuwar nan, kuma su suka sa shi a kabari.

Abu ɗaya ya rage. Inna ta karɓe shi, tana zuba masa tuwo da hannunta, suna hira har da dariya. Amma ƙyallenta wurin masu ma'auni take kai wa. Yakan gan ta tana ɗinka kwaikwayon zanensa, ya ga inda suka ɓata, ya kau da kai. Ya taɓa ce mini, "Duk Azare ta ninka ta yarda. Amma in Adda ba ta sa allura ba, ni ban warke ba."

Sai idon Inna ya fara raguwa. Tana ganin layi in haske ya yi yawa, amma kafar allura ta ɓace mata. Takan yi ta cusa zare yana gocewa har ta ajiye ta ce tsufa ya kore ta daga sana'a. Wata safiya bayan asuba Kawu ya shigo da ɓallin kara a hannu. Ya zauna ya jawo kwandon zarenta, ya zura allura goma sha biyu, kowace da launinta, ya soke su a jere a jikin karan, ya ajiye kusa da ita ya fita. Washegari ya dawo. Mutumin da aka riƙe wa buta, shi ne ke zura zare sau ɗaya ba kuskure. Inna na kallon hannun.

Da watan Rajab ya kama, ya shigo da karan da kuma farin ƙyalle. Ya shimfiɗa a gabanta. Ina wurin. Zanen hular Baba ne, gida-gida, bai canza ko ɗigo ba.

Ya ce, "Ninka, Adda."

Ta fito bakin ƙofa inda haske yake, ta haɗa baki da baki, ta kusanto da shi har hancinta. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Ya haɗu. Amma na yi rantsuwa."

Ni ɗanta ne na fari, ba ta kama sunana. Ta juyo ta ce, "Kai malam, me littafi ya ce?"

Na ce wanda ya yi rantsuwa ya ga abin da ya fi ta alheri, sai ya yi kaffara ya aikata alherin. Ta ce to za ta yi azumi uku. Na ce azumi na wanda ba shi da hali ne, ita kuwa tana da hatsi a rumbu, sai ta ciyar da miskinai goma.

Ta ce, "Ina ni ina tara miskinai goma, ina cikin gida?"

Kawu ya ce, "Adda, wannan kam fannina ne. Goma kawai?"

Ranar Juma'a ya shigo da su zaure a jere daga bayan tasha, ya sa kowa ya wanke hannu. Inna ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe da nama. Wani daga cikinsu ya ce ko akwai wata rantsuwar da Hajiya ke son warwarewa mako mai zuwa. Ta ji daga cikin gida, ta yi dariyar da rabona da jin irinta tun Baba na da rai. Da yamma ta yi bisimilla ta soka allura a gidan farko.

Rajab, Sha'aban, Ramalana. Kawu bai fasa zuwa ko safiya ɗaya ba. Wata rana da zazzaɓi ya kama shi ma ya zo a lulluɓe ya zura ya koma. Inda idonta ya kasa bin layi, sai ya ɗora yatsa ya ce, "Nan, Adda, hagu kaɗan." Ita kuma ta ce, "Ɗauke hannu, ban makance ba tukuna."

Saura kwana biyu sallah na kai wa telan nan dai, ya tsufa shi ma. Ya ja bakin biyu, ya dube ni, ya hau keken ɗinki. Masu wanki suka wanke suka ƙi karɓar komai.

Safiyar sallah Kawu ya shigo gaida ita da tsohuwar farar hularsa. Ya ce, "A ba ɗan Malam, shi ya gaji kan." Inna ta riƙe hular tana juya ta, tana bin jikinta da babban yatsa, ta zagaye sau biyu. Ta miƙo mini ta ce, "Nemo mini inda aka haɗa." Na juya na juya, sai da na leƙa ciki na ga ɗinkin tela.

Ta karɓa ta ce, "Durƙusa, Auta. Ta farko ka bayar, ta ƙare a kan ɗan siyasa. Wannan in ka ba wani sai na sake rantsuwa, kuma hatsina ya ƙare."

Ya durƙusa. Ta cire tsohuwar ta ɗora masa, ta danna da tafin hannu biyu kamar yadda take yi masa yana yaro.

"Wata ukuna sun dawo," in ji ta. "Ba na binka komai. Tashi kada ku rasa Idi."

Sallah biyar ya yi da ita, da kowace Juma'a a tsakani. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ƙarshensa ya tarar da rahama daidai. Hular tana rataye a ɗakin Inna, karan allurai kuma yana cikin kwandonta. Har yanzu akwai huɗu a jiki da zarensu, waɗanda ya zura ranar Asabar kafin ya kwanta. Ta ce kada kowa ya taɓa, akwai ranarsu.